Makaranta da Mutanen Gari: Labarin Ilmi a Kudancin Ƙasar Kano

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya nufi kudu bisa hanyar Zariya, in ya yi tafiyar wajen mil 30 sai ya shiga ƙasar Bebeji. Gaba kaɗan ga ƙasar Ƙiru, ga kuma Kwanar Ɗangora inda hanya ta rabu biyu. In ya bar ta Zariya ya kama ta hagu, watau hanyar Jos, sai ya ratsa Tudun Wadan Ɗankadai, ya keta dajin Falgore, ya faɗa ƙasar Doguwa, har ya kai duwatsun Riruwai, fiye da mil 100 daga birni. Ƙasa ce mai albarka. Ruwa ya kan sauka a can tun arewacin Kano na jira, ya kan kuma daɗe bai ɗauke ba. Ana noman dawa da masara da shinkafa da rake, akwai Filani da shanunsu, akwai masunta a bakin Tiga, akwai kuza a Riruwai.

A duk tsawon wannan hanya matafiyi zai ga makarantu iri iri. Wata cike ta ke da yara har ba wurin zama, wata kuwa ga gini ga allo, amma ba kowa ciki sai awaki. Mutum ya kan tambayi kansa, me ya sa wannan ta kama, waccan ta ƙi? Amsar tana cikin tarihi. In mun bi labarin makarantun wannan yanki tun daga zamanin fatake, za mu ga cewa makarantar da aka tsara daidai da zaman mutanen gari ita ce ta kan yi saiwa, wadda kuwa aka ɗauko daga nesa aka aje musu ba tare da shawararsu ba, ta kan zama kamar zanen aro, ba ya rufe katara.

Makarantar allo

Tun kafin Turawa su zo, Bebeji babban gari ne mai ganuwa, zango ne na fataken da ke bin hanyar Zazzau da Nufe har Gwanja wurin sarin goro. Baturen nan mai yawon duniya, Clapperton, ya bi ta nan a cikin 1826. A irin wannan gari ba unguwar da ba ta da malami da almajiransa, ko a zaure ko a gindin itace.

Ku duba yadda aka tsara wannan makaranta. Yaro ya kan yi karatu da sassafe, rana ta yi sama a tashi, kowa ya kama aikin gidansu ko na malaminsa. Bayan azahar a komo, da dare kuma a hura wutar kara a kewaye ta a yi tilawa. Daga yammacin Laraba har bayan an sauko daga masallacin Jumma'a hutu ne. Damina ta faɗi, karatu ya yi sauƙi, a tafi gona. In an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, sai karatu ya kankama, waɗansu malamai kuma su ɗebi manyan almajirai su fita ci-rani. Ba wanda ya rubuta wannan tsari a takarda, amma ya bi rana da wata da damina sawu da ƙafa.

Kayan karatun ma duk na gida ne. Masassaƙin gari ya sassaƙa allo, a feƙe alƙalami daga gamba, a dafa tawada da ƙaro. Ladan malami shi ne kuɗin Laraba, da sadakar sauka, da damin hatsi da kaka. Ba aji, ba jarrabawar da za a ce yaro ya faɗi a kore shi. Kowa da allonsa, ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya yi ta wanke allo gwargwadon basirarsa har ya sauke. Mai son ƙari ya zama gardi ya nemi hadda, ko ya koma zauren malamin ilmi ya ɗauki Ahalari da Iziyya da Risala.

Misalin wanda wannan tsari ya haifa shi ne Alhaji Alhasan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a cikin 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen fatauci. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda a yau a ke kira Gana, wata baiwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan ya sami sunansa. A makarantar allo ta Bebeji ya yi karatu, lissafi da sanin hanya da riƙon amana kuwa ya koye su a ayarin fatake. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe a cikin 1912, ya shiga da ƙarfinsa, har a cikin 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa na Kano. Sa'ad da ya rasu a cikin 1955 ana lissafa shi mafi arzikin 'yan kasuwar Afirka ta Yamma. Allo da kasuwa ba su yi kishi da juna a rayuwarsa ba, sun taimaki juna ne.

Mata ma magabata sun yi musu dabara. A ƙasar Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a cikin 1864, ta lura matan ƙauye masu aure ba su iya barin ɗakunansu su zo karatu. Sai ta zaɓi dattawan mata, ta naɗa musu malfa, a ke ce da kowacce jaji. Su ne su ke zuwa wurinta tare da 'yan mata, su koyi karatu cikin waƙe, su koma su koya wa na gida. Su a ke kira 'yan taru. Da ta ga ɗalibai ba za su iya zuwa makaranta ba, sai ta aika musu da makarantar har cikin gida.

Amma fa kada mu yabi abu mu ɓoye aibinsa. Makarantar allo ba ta koyar da lissafin zamani ko sanin magunguna, yara mata da yawa kuma a kan cire su tun ba su yi nisa ba. Almajirin da ya bar gaban iyayensa ya kan sha wuya. Ƙarfinta yana wurin da ta dace da zaman mutane, raunin ta kuwa shi ne, da duniya ta juya, ba ta da abin da za ta tari sabon zamani da shi.

Zuwan boko

Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da rundunarsa ya nufi Kano. Bebeji ce ta fara tare shi. Mutanen gari suka rufe ƙofa, aka harbo igwa ta fasa ta, sarkin garin ya rasu a wurin. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗa hannun Turawa, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ya kamata mu riƙe wannan a zuci in muna mamakin abin da ya sa kakanninmu suka guji boko. Wanda ya fasa maka ƙofa jiya, in ya zo yau ya ce ka ba shi ɗanka ya koya masa karatu, dole ka yi tunani sau biyu.

Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai wajen 20,000. Saboda haka Turawa suka san ba a kan fili su ke gini ba. Wanda aka ɗora wa aikin fara makarantar gwamnati shi ne Hanns Vischer, mutumin ƙasar Suwizalan wanda ya zama ɗan Ingila, ya ji Hausa har aka sa masa suna Ɗan Hausa. A cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birni. Ya yi ƙoƙari ƙwarai ya sa ta yi kama da gida. Ginin ƙasa ne irin namu, da Hausa a ke karatu, yara na sanye da rigunansu da hulunansu, akwai malamin addini. Ya yi ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da kuma wurin sana'a inda a ke koyon dukanci da sassaƙa da ƙira da saƙa. Gidansa yana nan har yau a Kano, ana ce da shi Gidan Ɗan Hausa.

Wannan ra'ayi nasa bai tsaya a Kano ba. Daga baya ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilmin ƙasashen Afirka da ta ke mulka, kwamitin kuwa ya fitar da takarda a cikin 1925 wadda ta ce lalle a daidaita ilmi da al'adu da sana'o'in mutanen kowace ƙasa.

Magana ce mai daɗin ji, amma sai mu tambaya: wa ya auna bukatar, kuma bukatar wa aka auna? Gwamnati tana son malaman haraji, da malaman taki masu auna gonaki, da malaman kotu, da na asibiti, da na daji. Gwargwadon waɗannan kujeru aka buɗe ƙofa. Aka yi Kwalejin Katsina a cikin 1922 don horon malaman makaranta, aka yi Midil ta Kano a cikin 1927, ita ce ta zama Kwalejin Rumfa. A gundumomi kuwa En'e ta yi ta gina elementare, yawanci a garin da hakimi ya ke zaune. Yaro ya yi shekara huɗu yana karatu da Hausa, yana noma a gonar makaranta, yana saƙar tabarma ko igiya. Kaɗan daga cikinsu a kan zaɓa a kai Midil a birni su koyi Turanci, sauran su koma gida.

Ga talakan Ƙiru ko na Tudun Wada, lissafin a fili ya ke. An ɗauke masa yaro lokacin da ya fi bukatar hannunsa a gona, an koya masa noman da ubansa ya fi malamin sani, sa'an nan an komo masa da shi ba aiki. In kuwa yaron ya yi sa'a ya wuce Midil, to, ya tafi birni ke nan, sai ganinsa da hutu. Shi ya sa a ke rubuto wa hakimi yawan yaran da a ke so, hakimi ya raba wa dagatai, dagatai su raba wa masu unguwa. Iyaye su yi ta ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ko su tura su gabas karatun allo. Sau da yawa ɗan marar galihu a ke kamawa a cike gurbi da shi, abin mamaki kuma, waɗansu daga cikin irin waɗannan yara su ne suka zama manyan ma'aikata daga baya. Yara mata kuwa sai a cikin 1930 aka fara buɗe musu makaranta a Kano da Katsina, ita ma a cikin birni, kusa da fada.

Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya gane cewa mutane ba ilmi su ke gudu ba. A cikin 1928 ya kafa makarantar shari'a ta Shahuci, a cikin 1934 kuma aka buɗe makarantar horon alƙalai da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci a cikin 1947. A nan aka haɗa littattafan da malamai suka sani da tsarin aji da jarrabawa, malamai kuwa suka kawo 'ya'yansu da kansu. Haka kuma a shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokansa suka ƙarfafa makarantun Islamiyya, inda a ke koyar da addini a aji, maza da mata, tare da rubutu da lissafi. Yau da wuya ka sami gari a kudancin Kano da ba shi da Islamiyya, kuma yawancinsu mutanen gari ne suka gina da gumin goshinsu, ba wanda ya aiko musu doka.

Yaƙi da Jahilci

Ku masu karanta wannan littafi kun fi kowa sanin abin da zan faɗa yanzu, gama ta irin wannan ƙofa kuka shigo. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. Ba a gina wa manya azuzuwa ba. A zauren mai unguwa ko a inuwar durumi a ke zama, da rani bayan an kau da amfanin gona, da la'asar ko da dare. Mai koyarwa ɗan gari ne, da Hausa ya ke koyarwa. Abin da a ke koya kuwa shi ne abin da magidanci ke bukata gobe da safe: ya karanta takardar harajinsa, ya duba nauyin gyaɗarsa ko audugarsa a sikeli kada a cuce shi, ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa ba tare da wani ya ji asirinsa ba.

An kuma lura cewa wanda ya koyi karatu in bai sami abin karantawa ba sai ya manta. Da ma akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, wadda Alhaji Abubakar Imam ya yi wa edita. A cikin 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina. Dattawan da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu, su ne suka zo da kansu suka zauna a tabarma da fensir a hannu, suka tabbatar da cewa gemu ba ya hana ilmi. Gwamna Abubakar Rimi ya raya wannan aiki a cikin 1980 da ya kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar yabo a cikin 1983.

Ruwan Tiga da ilmi kyauta

An yanke Jihar Kano a cikin 1967, Alhaji Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. A zamaninsa aka tare ruwa a Bagauda, sa'an nan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Wannan aiki ya sāke zaman mutanen yankin. An ta da ƙauyuka daga inda ruwa zai kwanta, masunta suka zo daga nesa suka zauna, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura, aka shiga noman alkama da tumatir da shinkafa da rani. Rani, wanda dā shi ne lokacin karatu, ya zama lokacin aiki ga gidaje da yawa.

Ana cikin haka, a watan Satumba 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda a ke kira UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a duk Nijeriya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Alherin wannan shiri ba ya musuntuwa, domin shi ne ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba, yawancin malamai da ma'aikatan da yankin nan ya samu daga baya ta nan suka fito. Amma an yi shi da gaggawa, kuma da ma'auni guda. Gini iri ɗaya, lokacin shiga da na tashi iri ɗaya, hutu iri ɗaya, daga Ikko har Riruwai. Babban hutu ya kan faɗo a watan Agusta, alhali shuka da noman farko suna cikin Yuni da Yuli, girbin masara da shinkafa da dawa kuwa daga Oktoba zuwa Disamba, duk lokacin karatu. Mu da aikinmu ya ke na riƙon littattafan ofis mun sha ganin wannan a rajista. Na taɓa duba ta wata makarantar ƙauye, na ga sunaye sun cika shafi, amma ranar kasuwar garin da makonnin kaka duk alamar fashi ce daga sama har ƙasa. Ba ƙiyayya ce ta hana yaran zuwa ba, gona ce da talla.

A cikin 1982 aka shiga tsarin 6-3-3-4, da niyyar yaro ya koyi sana'a a ƙaramar sakandare. Aka sayo injunan sassaƙa da na ƙira daga ƙasashen waje aka rarraba. A makarantu da yawa na ƙauye ba lantarki, ba malamin da ya san kansu, suka tsufa cikin akwatunansu. Ga maƙeri da kafinta a bakin kasuwa, ba wanda ya ce su shigo su koyar.

Akwai kuwa abin da aka yi a wannan zamani wanda ya dace. Da aka ga Jihar Kano ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai a cikin 1977 aka buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓen yara masu basira ta hanyar jarrabawa daga ko'ina cikin jihar, na birni da na ƙauye. Cikin 'yan shekaru aka ga amfaninsu a asibitoci da ma'aikatu. Wannan ya nuna kuskuren masu cewa ɗan manomi noma kaɗai ya kamata a koya masa. Ƙauye yana bukatar manomi mai ilmi, yana kuma bukatar likita da ungozoma da alƙali daga cikin 'ya'yansa.

Filani da sauran waɗanda aka bari baya

Filanin da ke kiwo a gefen dajin Falgore da dajin Ɗansoshiya na ƙasar Ƙiru sun fi kowa nisa da makarantar gwamnati. Yaro yana bayan shanu tun hantsi har yamma, ruga kuma tana tashi in ciyawa ta ƙare. A cikin 1989, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilmi, aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, mai hedkwata a Kaduna. Tsarinta ya ɗauko hikimar Nana Asma'u: makaranta ta bi ɗalibi. Aka shirya azuzuwan tanti da a ke naɗewa a tashi da su, da karatu ta rediyo, da fara koyarwa da Fillanci, da sa lokacin aji ya kauce wa lokacin kiwo. Inda aka sami malami Bafillace, arɗo kuma ya sa hannu, abin ya kan tafi. Inda aka turo baƙo wanda ba ya jin harshen yara, ba ya kuma iya kwana a ruga, sai allo ya rage a rataye.

Almajirai ma an yi musu yunƙuri. A cikin 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan. Gine-gine ne masu kyau, amma da yawansu ba su daɗe suna aiki ba, domin an gina su ba tare da an zauna da alarammomi an ji yadda su ke so a haɗa allo da boko ba, ba a kuma tanadi abincin yara mai ɗorewa ba.

A Bagauda akwai misalai biyu da suka kamata a gwama. An mai da tsohon otal na bakin ruwa reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, ɗalibai na zuwa daga kowace jiha. Abin alfahari ne, ya kuma kawo ciniki, amma makaranta ce ta ƙasa duka wadda ta sauka a ƙasar Bebeji. A zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka kafa makarantar koyon kiwon kifi da ta kiwon dabbobi a nan Bagauda. Waɗannan kam an dubi ruwa da makiyayar da ke wurin kafin a kafa su.

Sabuwar bukata kuma ta ɓullo wadda magabata ba su san ta ba a wannan fuska. Bayan an sace ɗalibai a Ƙanƙara ta Jihar Katsina a watan Disamba 2020, da Jangebe ta Jihar Zamfara a watan Fabrairu 2021, gwamnatin Kano ta rufe waɗansu makarantun kwana na bayan gari, har da sakandaren Kafin Maiyaƙi ta ƙasar Ƙiru da kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada. Tun daga lokacin, uba ya kan tambayi nisan makaranta da katangarta kafin ya tambayi malamanta, balle in 'ya mace ce. Makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida ta ƙara daraja.

Abin da ya rage gare mu

In mun tattara wannan labari za mu ga tambayoyin da kowace makaranta ta ci ko ta faɗi a kansu ba su sāke ba tun 1909. Yaushe a ke karatu, ya yi karo da gona da kiwo da kasuwa ko bai yi ba? Ina makarantar ta ke, yarinya za ta iya zuwa ta komo lafiya? Da wane harshe a ke fara koya wa yaro, wane ne kuma malamin? In ya gama, me zai yi da abin da ya koya, akwai kuma hanyar wucewa gaba ga mai basira? Ba wanda zai amsa waɗannan daga Abuja ko daga birnin Kano, domin amsar Bebeji dabam ta ke da ta Doguwa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Dā iyayenmu ba su da bakin magana, sai dai su ɓoye yaro ko su ba da shi. Yanzu ba haka ba ne. Bayan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, an tsara kowace makarantar firamare ta sami kwamitin mutanen gari, wanda ya ƙunshi mai gari ko wakilinsa, da malamin addini, da mata, da masu sana'a, da malaman makaranta, har da ɗalibai. A wurare da yawa sunan kwamitin yana takarda kawai, saboda waɗanda aka sa ba su iya duba rajista ko lissafin kuɗin gyara ba.

To, jama'a, ku kun iya. Wanda ya sami takardar shaidar Yaƙi da Jahilci ya shiga kwamitin makarantar garinsu. Ya duba rajista ya ga watannin da yara ke fashi, ya kai maganar gaban hedimasta da dagaci da sakataren ilmi, a nemi yadda za a sassauta lokaci da kaka da ranar kasuwa. A zauna da alaramma a shirya sa'o'in da almajiransa za su koyi lissafi da boko ba tare da allonsu ya bushe ba. A roƙi maƙeri da tela da masunci su ba yara rana guda a mako. A nemi 'yar gari wadda ta yi karatu a tsaya mata ta zama malama, domin ganinta a gaban aji ya fi wa'azi goma jawo 'yan mata. Yaron da Allah ya ba basira kuma, ko ɗan wane ne, gari ya haɗa hannu ya kai shi gaba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ji ƙan malamanmu na allo da na boko da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu ilmi mai amfani, ya shirya mana zuriya, amin.